Mun Je Neman Sabon Fasto, Aka Maido Mu Gida Da Aiki

Duk sakataren ikilisiya ko dattijon da fastonsu ya kusa yin ritaya, musamman faston da ya daɗe har jama'a ba su san wani ba, wannan rubutun dominsa ne. Ni nake riƙe da littafin majalisar dattawa lokacin da Baba Fasto ya sanar da mu cewa ƙarshen shekara zai sauka, bayan ya yi sama da shekara 20 tare da mu. Shi ya yi wa yawancin matasanmu baftisma, shi ya ɗaura auren iyayen wasunsu, shi ya yi jana'izar kakanninsu. Mabuɗin ofis yana aljihunsa, sa hannunsa ne na farko a banki, ko benci ne ya karye a makarantar Lahadi sai an je an gaya masa. Ba ƙwacewa ya yi ba, jama'a ce ta riƙa miƙa masa har ta kai babu abin da ke motsi sai da shi. A lokacin kuma ba mu gama farfaɗowa daga kullen korona na 2020 ba. Da aka buɗe majami'u, kujerun baya inda matasa ke zama ba su sake cika ba, baiko ya ja baya, zumuntar mata ce kaɗai ta dawo da ƙarfinta.

Zaman majalisa na farko bai ɗauki lokaci ba, don bakin kowa ya zo ɗaya: a rubuta wa ofishin gunduma a roƙi sabon fasto, matashi, mai zafin wa'azi, wanda ya san intanet, ya dawo mana da yara. Na rubuta wasiƙa, shugaban dattawa ya sa hannu, na haɗa da kwafin bayanan zaman da takardar ritayar Baba, na kai da kaina. Na yi zaman jira tun safe har rana ta take, kafin mai karɓar takardu ya buɗa fayil ɗin ya ce bai cika ba. Suna son rahoton kuɗi na shekarun baya wanda mai binciken kuɗi ya duba ya sa hannu, da rajistar membobi ta yanzu, da kwafin tsarin mulkin ikilisiyarmu, da jerin kadarori. Kowace ɗarika da irin abin da take nema, saboda haka kafin ka ɗauki hanya ka buga waya ka sa a karanto maka jerin. Abu ɗaya kuma da ya cece mu daga baya: duk takardar da na miƙa, sai na sa an buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafin da zan dawo da shi.

Haɗa waɗannan takardu ya ci makonni. Rajistarmu cike take da sunayen waɗanda suka rasu da waɗanda suka ƙaura tun da daɗewa, sai da muka bi ta suna bayan suna da taimakon shugabar zumuntar mata, wadda ta san gidan kowa. Jerin kadarori kuwa ba mu taɓa yi ba. Mai binciken kuɗi shi ne babban kashe kuɗi na farko da ba ya cikin kasafinmu, kuma ya daɗe yana fama da rasitai da aka tara cikin ambulan ba tare da tsari ba. Bai sami ɓarna ba, amma ya nuna mana cewa taimakon gwauraye ba ya cikin kowane littafi. A hannun Baba yake bi, shi kaɗai ya san wadda ake ba da abin da ake ba ta.

Da fayil ya cika aka ba mu ranar ganin shugaban gunduma. Mu biyu muka shiga, ni da shugaban dattawa. Rabaran ɗin ya karanta wasiƙarmu a hankali, ya ajiye tabarau ya ce, "Dattijo, ɗan'uwa, kun ce matasa sun tafi. Me ya tafi da su?" Muka lissafa masa: wa'azi ya yi tsawo, kayan kiɗa sun tsufa, wayar hannu ta ɗauke musu hankali. Ya ce, "Su suka gaya muku, ko ku kuka gaya wa junanku?" Ɗakin ya yi tsit. Sai ya ce ba zai turo mana fasto na dindindin yanzu ba. A abin da ya gani cikin shekarun aikinsa, faston da ya gaji wanda ya daɗe sosai yakan sha wahala, don kullum ana auna shi da wanda ya tafi, kuma duk abin da jama'a ba su warware tsakaninsu ba a kansa ake saukewa. Zai ba mu faston riƙon ƙwarya na kimanin shekara guda, mu kuma mu koma mu saurari jama'armu mu kawo rahoto.

A ranar ne na fara jin sunan Ronald Heifetz, likitan ƙwaƙwalwa kuma malami a jami'ar Harvard ta Amurka, wanda littafinsa na 1994 ya raba matsalolin shugabanci gida biyu. Rabaran ya bayyana mana da misalan coci. Akwai matsalar da an san maganinta kuma akwai gwaninta: rufi na yoyo, lasifika ta mutu, littafin kuɗi ya rikice. Ka kira gwani, ka biya shi, an gama. Akwai kuma wadda jama'ar da kansu suna cikinta tsundum, ba ta warwaruwa sai sun canza wata ɗabi'a ko sun saki wani abu da suke ƙauna, kuma babu gwanin da zai yi musu wannan aikin. A ganin Heifetz, inda shugabanni suka fi faɗuwa shi ne su ɗauki ta biyun su yi mata maganin ta farko. Rabaran ya ɗaga wasiƙarmu ya ce, "Kun rubuto mini neman gwani." Na fito raina a ɓace. Mun kai duk abin da aka nema, mun kashe kuɗi, ga shi za mu koma hannu rabbana.

Majalisa ma ba ta ji daɗi ba, ma'aji ya fi kowa. Faston riƙon ƙwarya yana da alawus da kuɗin mota, ga haƙƙin sallamar Baba, ga batun gida, domin Baba yana gidan fasto kuma nasa bai kammalu ba. Babu dattijon da ya iya buɗe baki ya ce masa ya tashi. Sai muka kama wa mai riƙon ɗaki haya, muka dakatar da gyaran katanga da aka daɗe ana tara wa kuɗi. In za ku shiga wannan hanya, ku ɗauka cewa na wani lokaci kuna ɗauke da nauyin fastoci biyu. Wasiƙar da gunduma ta aiko da mai riƙon tana da sharaɗi ɗaya da na ga amfaninsa ƙwarai: ba zai nemi kujerar dindindin ba, ba kuma za a ba shi ba. Wannan ne ya ba shi damar faɗa mana gaskiya, tunda ba ƙuri'ar kowa yake nema ba. An kuma rubuta, da yardar Baba, cewa bayan bikin sallama zai riƙa yin sujada a wata ikilisiya na wani lokaci.

Mai riƙon dattijo ne mara yawan magana. Aikin farko da ya ba dattawa ya ba mu dariya: mu bar kujerunmu na gaba, kowace Lahadi mutum ɗaya ya hau benen majami'a ya zauna, kada ya yi komai sai kallo. Ya ce Heifetz yana kwatanta shugaba da mai rawa a fili, wanda ba ya ganin wa ke rawa da wa, wa ya koma gefe, sai ya hau bene. Ranar da layi ya zo kaina na ga abubuwan da na shekara da shekaru ina wucewa ta gabansu. Wata yarinya ce ke zuwa tun kafin kowa ta haɗa kwamfuta da majigi, ta rubuta baitocin waƙa, ta naɗe wayoyi bayan an tashi, kuma ko sunan mahaifinta ban sani ba. Mata masu goyo, da zarar yaro ya yi kuka mai tsaron ƙofa zai yi musu nuni da ido, su fita su tsaya jikin taga a rana suna leƙen wa'azi. Da aka zo sanarwa, mai sanarwa ya ce matasa su tsaya bayan sujada su kwashe kujeru, membobi kuma su tsaya don tattauna kasafin kuɗi. Haka ya faɗa, matasa daban, membobi daban, kuma babu wanda ya ji wani abu a ciki.

Daga nan muka shiga zaman sauraro, wanda ya fi kowane mataki tsawo. An raba jama'a rukuni rukuni: mata, maza, matasa, mawaƙa, gwauraye, tsofaffi. Doka ɗaya mai riƙon ya kafa mana, kuma ta fi azumi wuya: dattijo ba zai ba da amsa ba, ba zai kare kansa ba, rubutu kawai zai yi, in bai gane ba ya yi tambaya. Zaman matasa ya fara da shiru mai tsawo, kowa yana kallon takalminsa. Can wani matashi ya miƙe ya ce, "Iyayenmu, ku gafarce ni. Ba tsawon wa'azi ya kore mu ba. In aikin ƙarfi ne a kira mu, in shawara ce a ce yara su fita. Ina da mata da ɗa, ina ba da ushirina, har yanzu yaro nake a nan." Wani dattijo ya yunƙura zai yi magana, mai riƙon ya dafa gwiwarsa. Waɗanda suka daina zuwa kuwa bin su muka yi har gida da wurin aiki. Da yawansu ba fushi suke yi ba, aikinsu ne ke faɗawa ranar Lahadi da safe, kuma tun da suka ɓace babu wanda ya neme su.

Zaman gwauraye ne ya fi tsaya mini a rai. Na zaci za su yi murna in aka ce za a kafa kwamiti mai littafi don taimakonsu. Wata Mama ta ce, "Ɗana, Fasto yakan zo da yamma ya gaishe ni, in zai tafi ya bar abin a ƙarƙashin Littafi Mai Tsarki, ko 'ya'yana ba su sani ba. Yanzu sai a rubuta sunana a karanta?" Tsofaffi ma da aka taɓo waƙoƙin littafi, ba gardamar kiɗa suka yi ba. Wani ya ce da waɗannan waƙoƙi aka binne matarsa, kuma da su yake so a binne shi. Heifetz da abokin aikinsa Marty Linsky, a littafinsu na 2002, sun nuna cewa abin da mutane ke turjewa a kai ba canjin kansa ba ne, asarar da ke cikinsa ce. Ban ga wanda ya ƙi a gyara rufi ba. Duk inda aka turje mana, in ka tona, akwai wani abu da mutum zai rasa: sirri, matsayi, waƙa, kujerar da ya saba. Lahadin da ta biyo baya mai riƙon ya yi wa'azi daga Ezra 3, inda aka aza harsashin sabon Haikali, jama'a na sowa, tsofaffin da suka ga Haikalin farko na kuka, har ba a iya rarrabe sowar da kukan. Ya ce Nassi bai tsawata wa masu kukan ba, mu ma ba za mu tsawata musu ba.

Na haɗa rahoto ba tare da sunan kowa ba, muka kai wa gunduma kwafi, aka karanta wa jama'a taƙaitawarsa. Dattawa suka juya ga mai riƙon suka ce to, Fasto, mene ne mafita? Ya ce ba shi da ita, in ma yana da ita ba zai bayar ba, don ranar da ya tafi za ta bi shi. Ya buɗe mana Ayyukan Manzanni 6, inda Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana ƙyale gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su musa ba, ba su kuma ƙwace rabon ba, sai suka ce wa taron su zaɓi mutum 7 daga cikinsu. Ya sa muka karanta sunayen, su Istifanas da Filibus har zuwa Nikolas mutumin Antakiya, ya ce mu lura duk sunayen Helenanci ne. Da wannan aka kafa kwamitin gyara da jama'a suka zaɓa, yawancinsu daga ɓangarorin da suka yi kuka, dattawa biyu kawai a ciki. Yarinyar nan mai majigi ita ta zama sakatariyarsa.

Shawarar kwamitin da na fi yaba wa ita ce kada a taɓa tsarin mulki tukuna, a gwada komai na wasu watanni, a gaya wa jama'a a fili cewa gwaji ne, abin da bai yi ba za a janye. Aka buɗe sujadar yamma a tsakiyar mako don masu aikin Lahadi. Aka ba matasa da mata kujeru a zaman majalisa, su yi magana amma ba ƙuri'a. Taimakon gwauraye ya koma hannun mata uku da gwaurayen suka zaɓa da kansu, ana rubuta adadi a littafi, suna kuwa ba ya fita. Aka keɓe ɗakin gefe da lasifika don masu goyo. Watsa sujada ta Facebook ya mutu da kansa, don masu kallon ba su taka kara sun karya ba, kuma kuɗin data ya yi yawa, aka janye babu rigima. Batun waƙoƙi kuwa mai riƙon ya hana a taɓa shi gaba ɗaya a lokacin. Matasa suka ji haushi, ya ce musu jama'a kamar tukunya ce a murhu, in babu wuta ba ta dahuwa, in ka cika itace ta ƙone, kuma a yanzu itacen da ke ciki ya isa.

Sai da abubuwa suka fara tafiya daidai ne takardar ƙorafi ta isa gunduma. Wasu membobi, har da dattijo ɗaya, sun rubuta cewa mai riƙon yana raba kan ikilisiya, yana ɗora yara a kan iyayensu. Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi, domin da wasunsu muke zama a majalisa ba su ce uffan ba. Mai riƙon ko a jikinsa. Ya ce Edwin Friedman, wani malamin Yahudawa a Amurka da ya yi rubutu kan yadda majami'a ke aiki kamar iyali, ya daɗe da gargaɗin cewa zagon ƙasa yakan biyo bayan canjin da ya fara kama ƙasa, don haka mu sa ran zuwansa. Mun kuma ji cewa masu ƙorafin sun fara zuwa gidan Baba, shi kuwa ya ba su ruwa, ya yi musu addu'a, ya ce su kai maganarsu majalisa. Da ya saurare su ko sau ɗaya, da ikilisiyar ta dare biyu. Gunduma ta kira ɓangarorin biyu, aka yini. Shugaban bai yanke wa kowa hukunci ba, sai ya sa aka bi ƙorafin layi layi. Yawanci zargi ne, amma ɗaya gaskiya ce tsagwaronta: tun tafiyar Baba babu wanda ya kai wa marasa lafiya da tsofaffin da ba sa iya fita Jibin Ubangiji a gida. Kowa ya sha'afa, don a da shi kaɗai ke yi. Aka ba dattijon da ya sa hannu a takardar wannan aikin, tare da matasa biyu masu raka shi.

Bayan gwaji aka zo gyaran tsarin mulki, a nan ne takarda ta sake cin mu. Namu tsarin ya ce a yi sanarwa Lahadi 3 a jere, a liƙa daftarin gyaran, sannan sai kashi 2 cikin 3 na membobin da suka halarta sun amince. Gyaran rajistar da muka yi tun farko ya yi rana, don da tsohuwar rajista adadin da ake bukata kafin taro ya zauna ba zai taɓa cika ba. Mun yi ƙuri'ar asiri da takarda, kuma ina ba kowa shawarar haka, domin ɗa ba zai ɗaga hannu ya saɓa wa mahaifinsa a bainar jama'a ba. Gyaran ya wuce. Muka aika gunduma, ita kuma ta tura hedikwata. Aka shiga jira, wata ya bi wata, da na bi sawu aka ce ba a ga fayil ɗin ba. Kwafin nan mai hatimi na fitar, aka sake haɗawa. Da amsa ta zo, sai ga sashe ɗaya an dawo da shi, wanda ya ba wakilan matasa ƙuri'a a majalisa, wai ya ci karo da tsarin mulkin ɗarika. Babu wanda ya gaya mana cewa ana iya tura daftari a duba kafin a kira taro. Sai da muka sake sanarwa, muka sake taro, muka mayar da sashen ya zama kwamitin kuɗi da tsare-tsare inda suke da cikakkiyar ƙuri'a. Wasu matasan sun ɗauka dabara ce aka yi musu, kuma ban ga laifinsu ba.

Banki ma ya sha mana kai. Canza masu sa hannu ya bukaci bayanan zaman da aka yanke shawarar, da wasiƙa a takardar ikilisiya mai tambari, da katin shaida da hotunan sababbin, kuma suka nemi tabbaci daga tsofaffin masu sa hannun. Baba yana tafiya a lokacin, albashin mai gadi ya makale har dattawa suka haɗa daga aljihu. Wannan aikin gwani ne tsantsa, ku gama shi tun fastonku bai sauka ba, tare da binciken kuɗi da rajista da batun gida. Duk abin da takarda ko kuɗi ke iya warwarewa ku kawar da shi da wuri, don in ya haɗu da ɗaya aikin sai ya zama makami a hannun masu fushi. Ɗaya aikin kuwa ba ya son gaggawa, kuma ba a aika wani ya yi shi. Ku saurari waɗanda suka tafi kafin ku rubuta dalilin tafiyarsu, ku tambayi mai turjewa abin da zai rasa, in ya faɗa kada ku ce masa ba komai ba ne.

Wasiƙar neman fasto ta biyu kwamitin gyara ne ya rubuta ta, majalisa ta sa hannu, aka liƙa mata rahoton sauraro. Babu maganar shekaru ko zafin wa'azi a ciki. Mun ce muna neman wanda zai iya barin aiki a hannun jama'a ko da sun fi shi jinkiri. Wanda gunduma ta turo ya karanta rahoton kafin ya zo ganawa, tambayarsa ta farko ga dattawa ita ce wane aiki ne ba ma son ya karɓa. Iyali biyu sun bar mu a tsakiyar tafiyar, ba su dawo ba. Kujerun baya sun ɗan cika, amma ba kamar da ba, sujadar tsakiyar mako ce ta fi tara matasa. Batun waƙoƙi yana cikin ajandar zama mai zuwa, an ce mawaƙa da tsofaffi su fara zama su kaɗai ba tare da fasto ba, su kawo wa majalisa abin da suka daidaita a kai.